Darasi: Ƙwallon Besbol da Ginuwar Jikin Yara

A wannan darasi za mu leƙa wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa bugawa ba, sai dai ko mun gan shi a talabijin: mutum ya tsaya riƙe da sanda, wani ya jefo masa ƙaramar ƙwallo, ya make ta, ya yar da sandar ya sheƙa da gudu. Sunansa besbol. A Amurka ya ɗauki siffar da yake da ita yau tun cikin ƙarni na 19, daga can ya bazu zuwa Kyuba da Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Meksiko, ya ƙetare teku zuwa Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan. A waɗannan ƙasashe ba abin mamaki ba ne ka ga yaro ɗan shekara biyar ya riga ya san yadda ake riƙe sanda da yadda ake tarar ƙwallo.

Dalilin kawo shi cikin karatunmu shi ne, mutanen da ke buga shi sun shafe sama da shekara 80 suna lura da abin da yake yi wa jikin yara. Sun auna, sun ƙirga, sun ga amfani, sun kuma ga ɓarna, har suka kafa dokoki a kai. Abin da suka gano zai amfani kowane uba da kowace uwa da kowane malamin makaranta, domin babu gidan da ba a samun yaro mai gudu da tsalle da jifa.

Yadda ake buga shi

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da 'yan wasa 9. A fili akwai tasha huɗu da aka jera a kusurwoyin murabba'i: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, sai ta huɗu wadda ake kira gida. Ƙungiya ɗaya tana bazuwa cikin fili tana tsaro, ɗayar kuma tana turo 'yan wasanta ɗaya bayan ɗaya su tsaya a gida da sanda. Mai jifa yana tsakiyar murabba'in, yana jefo ƙwallo wajen abokinsa da ke tsugune a bayan mai sanda. Idan mai sanda ya sami ƙwallon ya buga ta cikin fili, sai ya ruga tasha ta ɗaya. Duk wanda ya bi tashoshin uku ya komo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya, ko da bugunsa shi kaɗai, ko da taimakon bugun waɗanda suka biyo bayansa.

Aikin masu tsaro su fitar da shi kafin ya kai. Hanyoyin da aka fi gani uku ne: ya kuskure jifa mai kyau har sau uku, ko a cafe ƙwallon da ya buga tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko a riga shi kai ƙwallon tashar da ya nufa. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su karɓi sanda. Kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, an yi zagaye ɗaya ke nan. Manya zagaye 9 suke yi, yara 'yan ƙasa da shekara 13 kuma 6.

Ku riƙe abu ɗaya game da ƙwallon kanta, domin za mu komo kansa. Ba ta da girma, kewayenta wajen santimita 23 ne, nauyinta kuma giram 142 zuwa 149 ne. Amma tauri gare ta, saboda zare ne aka nannaɗe tamau a kan ɗan dunƙulen ƙwarya-ƙwaryar roba, aka lulluɓe da fata aka ɗinke. Shi ya sa masu tsaro ke sa babbar safar hannu ta fata.

Mutumin da ya rage fili

A 1938, a garin Williamsport na jihar Pensilbaniya, akwai wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Carl Stotz. Ba shi da ɗa namiji, amma yakan yi wasan jifa da cafe da wasu yara maza biyu na danginsa. Ya lura cewa yara suna son besbol, amma komai na wasan don manya aka yi shi: filin ya yi musu faɗi, tazarar jifa ta yi musu nisa, sanduna sun yi musu nauyi. Sai ya tara yaran unguwa ya yi ta gwada tazara iri-iri, yana duba wadda ƙafar yaro da hannunsa za su iya. A 1939 ya kafa ƙungiya uku, kowace wani ɗan kasuwar garin ya ɗauki nauyinta da dala 30, aka buga wasan farko ranar 6 ga Yuni. Wannan shi ne mafarin Little League, wadda yau take da rassa a ƙasashe da dama. Tun 1947 take shirya babbar gasa duk shekara a yankin garin da aka fara.

A filin manya, tsakanin tasha da tasha mita 27 ne da 'yan kai, mai jifa kuma yana nesa da gida da kimanin mita 18 da rabi. A filin yara tazarar tashoshi ta koma wajen mita 18, wato kashi biyu cikin uku na ta manya, ta jifa kuma mita 14. A ganina wannan shi ne babban abin da Stotz ya bar wa duniya. Bai ce yaro ya dage har ya iya abin manya ba. Wasan ya sunkuyar ya daidaita da tsawon yaron.

Waɗanda suka biyo bayansa sun ci gaba a kan wannan turba. Wani masanin yadda jiki ke aiki, Creighton Hale, ya auna saurin da yara ke iya kauce wa ƙwallo, ya ga lokacin da suke samu ya yi kaɗan, aka ja wurin jifa baya da wajen santimita 60. Shi ne kuma ya tsara hular kwano mai rufe kunne biyu, wadda daga baya aka wajabta wa duk yaron da zai tsaya da sanda. Ga ƙanana 'yan shekara 4 zuwa 7 ma ba a jefo musu ƙwallo sam. Ana ɗora ƙwallo mai laushi a kan wani ɗan turken roba da ya kai ƙugunsu, su buga ta tana tsaye. In sun ƙware, koci ya riƙa jefo musu a hankali. Sai daga baya yaro ke fuskantar jifan ɗan'uwansa yaro. Tun 1974 kuma aka buɗe ƙofa ga yara mata, bayan wata shari'a da aka yi a jihar New Jersey; a 2014 wata yarinya 'yar shekara 13, Mo'ne Davis, ta yi jifa a babbar gasar har aka tashi abokan karawarta ba su ci maki ko ɗaya ba.

Abin da jiki ke samu

Mu fara da jifa, domin shi ne ƙashin bayan wasan. Ku lura da yaro ɗan shekara biyu ko uku idan zai jefa abu: ƙafafunsa a kafe suke wuri ɗaya, hannu kaɗai ke motsi, abin kuma ya faɗi nan kusa. Ya ɗan girma, sai ya fara taka ƙafa gaba, amma ƙafar da ke gefen hannun da yake jifa da shi. Mataki na ƙarshe shi ne ya juya gefe, ya taka ƙafar ɗaya gefen, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, kafaɗa ta biyo, sannan gwiwar hannu da wuyan hannu su saki ƙwallon. Kaso mai yawa na ƙarfin jifa daga cinya da ƙugu da gadon baya yake tasowa, hannu isar da shi kawai yake yi. Wannan mataki na ƙarshe ba ya zuwa don shekaru sun ƙaru kaɗai. Akwai manya da yawa da har yau jifan ɗan shekara biyar suke yi, don ba su samu wanda ya nuna musu ba, ba su kuma maimaita ba. Yaron da ya koyi jifa daidai ya koyi haɗa gaɓoɓinsa daga tafin ƙafa zuwa yatsu su yi aiki ɗaya a jere, kuma wannan iyawa tana bin sa zuwa kowane wasa da kowane aikin ƙarfi.

Sai cafe. Ƙaramin yaro in ka jefo masa ƙwallo yakan runtse ido, ya kau da kai, ya buɗe hannuwa ya rungume ta a ƙirji. Kafin ya iya cafewa da hannu ɗaya yana cikin gudu, sai idonsa ya koyi bin ƙwallo a sama, ƙwaƙwalwarsa ta koyi ƙiyasta inda za ta sauka, ƙafarsa ta kai shi can kafin ta iso. Bugu da sanda ya fi haka wuya. Mu yi lissafi tare: ƙaƙƙarfan yaro ɗan shekara 12 yana iya jifa da gudun da ya kai kilomita 95 a awa. Wannan kimanin mita 26 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Tazarar mita 14 ce, saboda haka ƙwallon za ta iso cikin rabin daƙiƙa da ɗan ɗoriya. Cikin wannan ɗan lokaci mai sanda zai ga ƙwallon, ya yanke shawarar ko ta cancanci bugu, ya juya jikinsa, ya haɗa sanda mai siffar mulmule da ƙwallo mai siffar mulmule. Yaron da ke yin wannan a kai a kai yana horar da haɗin kan ido da hannu horo mai zurfi.

Gudun besbol gajere ne amma mai zafi. Daga tsaye cik yaro zai zabura, ya ci mita 18, ya karya kwana, ya tsaya cak a kan tasha, ko ya koma da baya in ya ga za a riga shi. Mai tsaro shi ma yana ɗan duƙe a kan yatsun ƙafa, bai san ko dama ko hagu za ta ɓullo ba. Irin wannan motsi yana gina naman cinya da sha-raɓa, yana kuma koya wa jiki daidaituwa, wato kada a faɗi in an juya ba shiri.

Ƙashi ma yana amsawa, kuma nan ne besbol ya ba masana wata dama da ba kasafai ake samu ba. Ƙashi abu ne mai rai: inda ake ɗora masa aiki yana ƙara kauri, inda aka bar shi yana raguwa. Mai jifa da hannu ɗaya yake jifa, saboda haka ana iya kwatanta hannunsa na dama da na hagu. Mutum ɗaya ne, abinci ɗaya yake ci, jini ɗaya ne, bambancin aiki ne kawai. Wani bincike da Stuart Warden da abokan aikinsa na Jami'ar Indiyana suka wallafa a 2014 ya nuna cewa ƙashin damtsen ƙwararrun 'yan wasa a hannun jifa ya kusa ninka na ɗaya hannun ƙarfi. Da suka duba tsofaffin 'yan wasa da suka daina jifa shekaru da yawa, sai suka tarar wani ɓangare na wannan ƙarin girma da ƙarfi yana nan har tsufa. Ma'ana, ƙashin da aka gina a ƙuruciya ajiya ce da mutum zai ci moriyarta bayan furfura ta fito.

Akwai kuma tarbiyyar da ba ta jiki ba. Yaro yana koyon jiran layinsa, yana koyon tsayawa shi kaɗai gaban jama'a, yana koyon haɗiye takaici. Ko cikin ƙwararru, wanda ya yi bugu mai kyau sau 3 cikin 10 ana ƙirga shi gwani ne.

Inda wasan ya gaza

Kada mu yi wa besbol yabon da ya wuce ƙima. Wasa ne mai yawan tsayuwa. Yaron da aka ajiye can ƙarshen fili yana iya cinye zagaye biyu ƙwallo ba ta zo inda yake ba, masu jiran bugu kuma a zaune suke kan benci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, irin wanda zai sa numfashi ya ƙaru. A wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan yara 200 a yankin San Diego, an ɗaura musu na'urar auna motsi lokacin atisayen ƙwallon ƙafa da besbol da ƙanwarsa sofbol. Kashi 24 cikin 100 ne kawai suka cika minti 60 ɗin a wurin atisaye, kuma 'yan ƙwallon ƙafa sun fi motsi.

Saboda haka uban da ya kai ɗansa fili kada ya ɗauka an gama. Koci mai basira ba ya jera yara 15 suna kallon mutum ɗaya yana bugu; yakan raba su uku-uku ko huɗu-huɗu, waɗannan suna cafe, waɗancan suna gudun tashoshi, wasu suna bugu, a riƙa juyawa. Yaron kuma a bar shi ya yi guje-gujensa da tsalle-tsallensa da sauran wasanni a waje.

Hannun da bai gama nuna ba

Nan ne zuciyar darasinmu, kuma ina so mu daɗe a nan.

Jikin yaro ba jikin babba ba ne da aka rage wa girma. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo. Wannan wuri ya fi sauran ƙashin laushi, har ya fi jijiyoyin da ke manne da shi rauni. Kamar daɓen siminti ne da bai gama bushewa ba: yana ɗaukar taku kaɗan, amma in aka yi ta bi ta kansa da kaya sai ya tsage. A gwiwar hannu, galibi sai yaro ya kai shekara 14 zuwa 17 wannan guringuntsi ke rufewa ya zama ƙashi, mata kuma sukan riga maza.

Duk lokacin da mai jifa ya ja hannu baya ya wurgo ƙwallo da ƙarfi, gefen ciki na gwiwar hannunsa yana buɗewa, naman hannu yana fizgar wurin. Sau ɗaya ba komai. Sau ɗari a yini, yau da gobe, ba hutu, sai guringuntsin ya kumbura, wani lokaci ma ɗan ɓallin ƙashi ya rabu. Tun 1960 likitocin Amurka suka ba wannan ciwo suna, suka jingina shi ga yaran Little League, don a cikinsu suka fi ganinsa. Kafaɗa ma tana da irin nata.

In yaro ya girma guringuntsin ya rufe, sai nauyin ya koma kan wata jijiya da ke ɗaure ƙasusuwan gwiwar hannu. A 1974 wannan jijiya ta tsinke a hannun wani ƙwararren mai jifa, Tommy John, na ƙungiyar Dodgers ta birnin Los Angeles. Likita Frank Jobe ya ciro wata jijiya daga ɗaya hannun ya dasa masa. John ya koma fili a 1976, ya ci gaba da wasa har 1989, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan tiyata. Nasara ce ta likitanci, babu shakka. Abin baƙin ciki shi ne, tiyatar da aka ƙirƙiro don ceto sana'ar babban mutum sai ga shi ana kawo 'yan makarantar sakandare a yi musu ita, kuma jinyarta takan ci shekara ɗaya ko fiye.

Masu bincike a wata cibiyar likitancin wasanni da ke Birmingham a jihar Alabama, ƙarƙashin Glenn Fleisig da likita James Andrews, sun bi yara masu jifa 481 har tsawon shekara 10. A sakamakon da suka fitar a 2011, kashi 5 cikin 100 sun ji rauni mai tsanani, wato wanda ya kai ga tiyata ko barin wasa. Waɗanda suka yi jifa sama da zagaye 100 a shekara ɗaya kuwa, haɗarinsu ya ninka na sauran sau uku da rabi. Yawan jifa da rashin hutu su ne manyan masu laifi. Kuma ku lura da wanda abin ya fi shafa: yaron da ya fi iyawa. Shi koci ke so ya sa kullum don a ci wasa, shi iyaye ke kai wa ƙungiya biyu ko uku, shi ne kuma ba zai ce hannunsa na ciwo ba, don kada a ajiye shi a benci.

Tun 2007 Little League ta koma ƙirga jifa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan shekara 7 zuwa 8 ba zai wuce jifa 50 a yini ba. Ɗan 9 zuwa 10, jifa 75. Ɗan 11 zuwa 12, jifa 85. Ɗan 13 zuwa 16, jifa 95. Hutu ma a ƙirge yake. Ga ɗan shekara 14 zuwa ƙasa, wanda ya yi jifa 1 zuwa 20 yana iya komawa washegari. Daga 21 zuwa 35 hutun kwana 1 ne, daga 36 zuwa 50 kwana 2, daga 51 zuwa 65 kwana 3, daga 66 zuwa sama kwana 4. Wanda ya yi jifa 41 ko fiye ba zai koma ya tsuguna bayan mai sanda a wannan rana ba, domin shi ma mai tarar ƙwallon yana mayar da ita ne da jifa. Ana naɗa mutum guda da takarda da biro ya riƙa ƙirga. In adadi ya cika, ko ana tsakiyar cin wasa ne, yaron zai ƙarasa da mai sandar da ke gabansa ya miƙa ƙwallo. Hukumomin wasan a Amurka sun kuma ba da shawarar yaro ya huta daga jifan gasa na aƙalla wata 4 a shekara.

Ina ganin hikimar wannan doka ita ce ta ɗauke hukunci daga hannun mai son nasara. Ba a tambayar yaro ko ya gaji, don zai ce a'a. Ba a bar wa koci ya duba fuskarsa ba, don idonsa na kan maki. Takarda ce ke magana.

Japan ta daɗe kafin ta karɓi wannan. Wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, ya kai wasan can a 1872, kuma tun 1915 ake gasar makarantun sakandare ta ƙasa, wadda ake bugawa a filin Koshien kusa da birnin Osaka. Ƙasar gaba ɗaya ke kallonta, kuma jama'a suna girmama yaron da ya jure. A 1998 Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai zagaye 17. A gasar 2018 Kosei Yoshida ya yi jifa 881 cikin wasa 6. An yi musu tafi, amma likitoci da wasu masu horarwa sun yi ta ƙorafi, har aka kafa iyakar jifa 500 a mako daga 2020. Juriya hali ne mai kyau, kuma mu ma muna yabonta a wurin yaro. Sai dai guringuntsi bai san yabo ba. Yaron da ya ce gwiwar hannunsa na ciwo, ko aka ga ya kasa miƙe hannun sosai, ko wurin ya kumbura, ba ragwanci yake yi ba. A dakatar da shi, in ciwon bai lafa ba a kai shi asibiti.

Taurin ƙwallo ma abin kula ne. Bayan hular kwano, mai tsugunawa bayan mai sanda yana sa abin rufe fuska da sulken ƙirji da na ƙwauri. A wasu lokuta da ba su da yawa, ƙwallo ta bugi ƙirjin yaro daidai saitin zuciya takan hargitsa bugunta, shi ya sa ake so masu horarwa su iya taimakon gaggawa.

Wasan marasa kayan wasa

Wani zai ce wannan wasan masu kuɗi ne. Kayan suna da tsada, gaskiya ne, amma Jamhuriyar Dominika, wadda ba ta cikin ƙasashe masu arziki, tana cikin waɗanda suka fi tura 'yan wasa babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Yaranta a kan titi suke farawa, da sandar tsintsiya da murfin babbar gorar ruwa. Murfin yana karkacewa a iska, sandar kuma siririya ce, don haka wanda ya saba samunsa ya horar da idonsa tun kafin ya taɓa ƙwallo ta gaske.

A nahiyarmu ma wasan yana da 'yan rassa. An buga shi a Gasar Wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. A 2017 Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya zama ɗan wasa na farko haifaffen Afirka da ya buga babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Yaran Yuganda sun ci gurbin zuwa Williamsport a 2011, amma aka hana su biza saboda saɓani a takardun shekarunsu. A 2012 wata ƙungiya daga garin Lugazi ta je, ta zama ta farko daga Afirka da ta buga gasar. Wannan ya isa tunatarwa gare mu iyaye game da yi wa yaro takardar haihuwa tun yana jariri. Duk dokokin jifa da muka karanta a kan shekaru aka gina su, kuma in ba a san shekarun yaro ba, ba a san nauyin da ya dace da shi ba.

Hukumar wasan ta duniya ta kuma fito da wani sauƙaƙƙen salo mai suna Baseball5, wanda ta samo daga wasan titi na yaran Kyuba. Mutum biyar-biyar ne, babu sanda, babu safar hannu, babu mai jifa. Ƙwallon roba ce kawai, mai bugu ya ɗaga ta da kansa ya make ta da hannu ya ruga. An yi gasar duniya ta farko a birnin Meksiko a 2022, Kyuba ta lashe, an kuma sa shi cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar a 2026. Malamin firamare da ke da ƙwallon roba ɗaya da ɗan fili a harabar makaranta zai iya zana tasha huɗu da toka ya fara. In zai yi, ya zaɓi safiya ko la'asar sakaliya, ya ajiye ruwan sha kusa, ya sa yara su ɗan yi sassarfa da miƙe gaɓoɓi kafin a soma.

Tambayoyi da aiki

1. Me Carl Stotz ya canza a filin wasa, kuma don me?

2. Bayyana da kalmominka yadda ƙarfin jifa ke tasowa daga ƙafa har ya kai yatsu.

3. Yaro ɗan shekara 10 ya yi jifa 58 ranar Asabar. Jifa nawa ya rage masa a wannan rana? Kwana nawa zai huta, kuma wace rana zai iya komawa jifa?

4. Me ya sa yaron da ya fi iya jifa ya fi shiga haɗarin rauni?

5. Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya lissafa ayyuka da wasannin da yaran unguwarsu ke maimaitawa da gaɓa ɗaya kullum, kamar ɗaukar ruwa a ka, jan guga, daka, ko turin baro. Ku tattauna shekarun da yara ke fara kowanne, sau nawa suke yi a yini, da alamomin da za su nuna wa iyaye cewa aikin ya fi ƙarfin yaron. Ku rubuta abin da kuka cimma ku kawo a zama na gaba.